Shekara Goma Sha Ɗaya da Tsuneo Ya Kai Wuta

Tsuneo Hirase ɗan gwaggona ne. Ya girme ni da shekara biyu, amma in kun gan mu tare za ku rantse kakana ne. Tun yana goye yake da fuskar dattijo. Ranar da aka haife shi bai yi kuka ba, sai da ya rusuna wa ungozoma ya ba ta haƙurin wahalar da ya ba ta. Wannan ni na ƙara, amma duk wanda ya san shi a garinmu bai taɓa ƙaryata ni ba. Ni ne Masaji, wanda makaranta ta gaji da shi tun yana ɗan sha biyar, kuma ni kaɗai ne a dangi nake da izinin zaginsa a gaban matarsa.

Yana ɗan shekara sha takwas ya shiga masana'antar Isogai, can bayan kasuwar kifi, inda ake niƙa ƙananan kifi har da ƙayarsu a soya su ƙosai. Shekara talatin da ɗaya ya yi a tsaye a bakin kaskon mai. Ƙarnin ya shige shi har ƙashi. In ya shiga gidan wanka na unguwa, kyanwoyi ne ke yin layi a ƙofa suna jiran ya fito. Da kunne yake gane zafin mai, ba ya bukatar ma'auni. Bai taɓa makara ba. Ranar da guguwa ta kwashe rufin tashar jirgin ƙasa, ya kifa tukunya a ka ya tafi aiki, ya iske ƙofa a kulle, ya tsaya a wurin har tsakar rana ko Maigida zai zo.

Maigida shi ne Isogai, mai masana'antar. A wurin Tsuneo, in ka ce Maigida ka gama magana. Shi ya nemo masa Harue, 'yar wani mai gonar lemo a kan tudu, shi ya zauna a kujerar manya ranar biki ya yi jawabin da ya fi bikin tsawo. Shi ya raɗa wa 'yarsu suna Michiyo. Don haka sau biyu a shekara, tsakiyar zafi da ƙarshen shekara, Tsuneo ke sa kwat ɗinsa guda ɗaya tal ya kai masa kyauta har gida. Masana'anta ta rufe shekara sha shida da suka wuce, kyautar kuwa ba ta rufe ba.

Da aka rufe yana da shekara arba'in da tara, ba abin da ya iya sai suya. Ya samu aiki a gidan ƙanƙara na bakin tasha, inda jiragen masunta ke lodi kafin su fita. Mutumin da ya tsufa a bakin wuta, sai ga shi a ɗakin da numfashi ke daskarewa a gemu. Gwiwoyinsa suka kumbura suka zama kabewa biyu. Bara likita ya ce masa in ya ƙara lokutan sanyi biyu a can, to ya fara zaɓen keken guragu tun yanzu. Tsuneo ya ce ba komai, saura shekara guda ya cika sittin da biyar, fansho ya fara, ya rataye ƙugiyar jan ƙanƙara ya zauna gida. Harue ta riga ta auna komai: shinkafa, kananzir na lokacin sanyi, maganinta na hawan jini. Fanshon zai ishe su cif, ba ragi ba ƙari.

Saura wata uku ranar haihuwarsa, takarda ta zo daga ofishin fansho. Harue ta karanta, ta cire tabarau ta goge, ta sake karantawa, sannan ta kira ni, don ni ke da mota. Kuɗin ya gaza abin da suka sa rai da yen dubu goma sha shida kowane wata. Wani a Tokyo abincinsa ne na yamma ɗaya. A gidan Tsuneo kuwa wannan kuɗin ne zai ce ya zauna gida ko ya koma cikin ƙanƙara.

Muka je ofishin, muka karɓi lamba muka zauna. Ya sa kwat, ya rungume jaka kamar wanda za a yanke wa hukunci. Da aka kira mu, wata ma'aikaciya mai ladabi, sa'ar Michiyo, ta juyo mana da fuskar kwamfuta tana bin layuka da bayan biro. Shekara ashirin na farko lafiya lau, albashi yana hawa kamar mai hawa matakala. Daga nan sai ya rikito ƙasa ya koma yen dubu casa'in da takwas, ya kwanta a nan shekara goma sha ɗaya bai motsa ba, har ranar da aka rufe masana'anta.

"'Yata," in ji Tsuneo, "injin nan naku ya yi kuskure. Albashina ya ninka wannan sau uku. Kuma duk wata ana cire min na fansho cikakke, da idona nake gani."

Ta ce injin abin da kamfani ya aiko yake rubutawa. Amma in da gaske an cire masa cikakke, doka ta ba su damar gyarawa, muddin ya kawo shaida: takardar albashi ta wata-wata, ko wadda ake bayarwa ƙarshen shekara mai nuna jimlar albashi da haraji da abin da aka cire na fansho. Ko guda ɗaya ce ta kowace shekara ta isa.

Na sunkuyar da kai na cije leɓe, kafaɗuna suna rawa don dariya. Na san inda takardun suke. Suna sama tare da gajimare.

Duk shekara, tsakiyar watan ɗaya, ana hura babbar wuta a filin wurin bauta da ke kan tudun tasha, a ƙona igiyoyin adon sabuwar shekara da tsofaffin layu, a gasa wainar shinkafa a tsinin gora. Wannan kowa na yi. Abin da mutanen Isogai kaɗai ke yi shi ne zuwa da ambulan ɗin albashinsu na shekarar da ta wuce, goma sha biyu cif, ɗaure da zare. Maigida da hannunsa yake rubuta sunan kowane ma'aikaci a kan ambulan, da buroshi da baƙar tawada, rubutun da za ka iya ratayewa a bango. Ya ce musu sunan mutum da guminsa ba abin jefawa cikin shara ba ne tare da hanjin kifi. A miƙa wa wuta, hayaƙi ya kai godiya ga mai teku. Takardar wata tana cikin kowane ambulan, ta ƙarshen shekara tana cikin na watan sha biyu. Tsuneo ke kan gaba. Ya tafa sau biyu, ya rusuna, ya jefa. Maigida kuma ya bi kowa da ƙoƙon giyar shinkafa mai ɗumi. Na sha zuwa don giyar. Na sha ganin Tsuneo yana share hawaye yana cewa hayaƙi ne.

Da muka fito na ce masa, "Yaya, kai ne mutum na farko a ƙasar nan da ya aika wa alloli takardar harajinsa. Mu hau tudu mu roƙa, ko sun ajiye kwafi."

Bai yi dariya ba. Ya ce wani ne ya tsallake layi wajen rubutu, kuma ba zai tayar wa Maigida, tsoho ɗan shekara casa'in da biyu, hankali ba sai ya samo takardu a hannu.

Wata biyu muka yi muna nema. Ni ne direba, ni ne mai magana, shi ne mai rusunawa. A ofishin haraji suka ce ba sa ajiye na shekarun baya haka. A ofishin hukumar gari wani mai gashin baki ya shiga ciki ya daɗe har na zaci ya yi ritaya a can, ya fito ya ba mu irin wannan amsar. Littafin banki bai yi amfani ba, don a hannu ake biyansu, abin da Harue ta kai ajiya kawai ya nuna. Muka juya gidansu ciki waje. Muka ɗaga tabarmin ɗaki ɗaya bayan ɗaya. Muka samo haƙoran roba na marigayiya Gwaggo, da laima bakwai, da wasiƙar da na rubuta wa wata yarinya shekara arba'in da suka wuce na ba Tsuneo ya kai mata. Ashe munafukin bai kai ba. Na ce masa shi ya sa na tsufa ba mata, ya ce ya karanta ne ya ga kurakurai sun yi yawa, ya ji min kunya.

Muka bi tsofaffin abokan aikinsa su takwas da suka rage a gari. Kowa ya ƙona nasa. Wata tsohuwa mai fere kifi ta ce ai ita a bayan Tsuneo take tsayawa a layi duk shekara. Ba wanda ya taɓa duba takardar fanshonsa da kyau a cikinsu. Abin da ya zo suke karɓa su ce sun gode.

Harue ce ta tuna da bashin gida. Lokacin da za su gina gidan, ƙungiyar ba da lamuni ta masunta ta nemi takardar ƙarshen shekara guda biyu, kuma shekara biyu ke nan kacal da suka gama biya, don haka fayil ɗinsu yana nan a sito. Kwana goma aka yi kafin a tono shi. Aka miƙo mana kwafin takardu biyu da suka yi ja kamar ganyen taba. Harue ta jera su a kan bonet ɗin motata kusa da takardar ofishin fansho. Ni da ban taɓa cin lissafi a makaranta ba na gani: an cire masa na mai albashin dubu ɗari uku, an kai na mai dubu casa'in da takwas.

"To ka gani," in ji Tsuneo. "An cire. A hanya kuskuren ya faru."

Na ce, "Wace hanya, Yaya? Wadda ta tashi daga aljihun Maigida na dama zuwa na hagu?"

Ya tattara takardunsa ya tafi gida a ƙasa da waɗannan gwiwoyin, tafiyar kilomita uku. Ina binsa a hankali da mota ina masa oda, Harue a gefena tana kallon gaba. Kwana huɗu bai yi min magana ba.

Shekara biyu cikin goma sha ɗaya ba za su raba shi da ƙanƙara ba. Sai Harue ta shiga neman Inna Kinue, matar da ta riƙe littafin kuɗin masana'antar tun kafin Tsuneo ya fara gemu. Aka ce tana wurin 'yarta a garin da ke bayan dutse. Muka ɗauki kwalin lemo muka tafi mu uku.

Mun iske ta a baranda tana shanya yankakken kabushi a faranti. Ta tsufa ta dunƙule, amma idonta garau. Tana ganin Tsuneo cikin kwat da jaka a hannu ta ajiye farantin. Ba ta tambayi abin da ya kawo mu ba. Ta shigar da mu, ta zuba shayi, ta yi maganar ruwan sama da ciwon baya har shayin ya huce. Sannan ta shiga ciki ta fito da gwangwanin biskit mai tsatsa ta ajiye a tsakiyarmu.

Ta ce kwafin takardun ƙarshen shekara ne na duk ma'aikata. Da tana da na shekarun duka, amma ambaliyar da aka yi ta shiga gidanta na da, ta mayar da su kunu. Na shekara biyu ne suka tsira, don suna saman kabad. Muka duba, ba su ne shekarun da muka samu a ƙungiyar lamuni ba. Huɗu ke nan.

Tsuneo ya rusuna har goshinsa ya kusa taɓa tabarma, ya ce ya gode, kuma kada ta damu, kowa yana kuskure a rubutu.

"Tsune," ta ce, "ban taɓa kuskure a lissafi ba. Shekara arba'in."

Sai ta faɗa mana, a hankali, tana kallon gwangwanin. Shekarar da babban kantin da ke sayen rabin ƙosansu ya janye, kuɗin fansho da kamfani ke kaiwa ya fi ƙarfin Maigida. Ya ce mata daga watan goma ta riƙa rubuta lamba biyu, ɗaya ta ambulan, ɗaya ta ofis. A cire wa ma'aikata yadda aka saba don kada su lura, a kai ɗan kaɗan, ragowar ya shiga sayen kifi da mai. Ta tambaye shi in ma'aikata suka tsufa suka kai takardunsu ofis fa. Bai amsa ba sai bayan mako guda, da ya shigo da sabon buroshi da tawada.

Ta ɗago ta dube shi. "Shekara ashirin na farko, yaya sunanka yake a kan ambulan?"

Tsuneo ya yi tunani. Can ya ce da hatimin roba ake bugawa, mai shuɗiyar tawada.

"Wace shekara kuka fara kai su wuta?"

 Na ga wuyansa ya yi ja daga kwala zuwa kunne.  Harue ce ta yi magana, muryarta a kwance.

"Inna, naki fa? Lamba nawa aka rubuta miki?"

Inna Kinue ta gyara murfin gwangwanin duk da a daidai yake. Ta ce ɗanta yana jami'a a lokacin, Maigida ne ya tsaya masa. Ta ce ta ajiye kwafin ne don in abin ya fashe kada a ce ita kaɗai ce. Ta roƙa kada mu ambaci sunanta a ofis in da hali. Da za mu tafi ta bi mu har mota da kwalin lemon, wai ba ta cancanta ba. Harue ta ce ta bar shi, an riga an kawo.

Muka koma ofishin fansho da takardu huɗu. Ma'aikaciyar ta duba ta ce waɗannan shaida ne masu kyau. Ta ciro fom ta nuna masa inda zai buga hatiminsa a madadin sa hannu. Amma ta ce gaskiya ne ta sanar da shi: in an amince, za a rubuta wa tsohon mai kamfanin a nemi ya biya abin da ya riƙe, kuma in ya ƙi, sunansa zai iya fita fili. Tsuneo ya janye hannunsa daga kan tebur kamar ya taɓa kasko. Ya ce zai je ya yi tunani.

Tunanin nasa shi ne ya je ya ga Maigida. Na ce ba zai je shi kaɗai ba, don na san zai dawo ya ba tsohon haƙuri ne. Kuma ku ji wannan: sai da ya sa na tsaya a kanti ya sayi kwalin ganyen shayi mai tsada. Na ce, "Yaya, ɓarawo za mu gani ko surukinka?" Ya ce ba a shiga gidan manya hannu sake.

Tsohon yana gidan ɗansa, sabon gida mai bene a kan tudu, ana hango duk tashar daga taga har da rufin gidan ƙanƙara. Mun iske shi a kujera da bargo a cinya yana kallon kokawa a talabijin. Ya rame, amma kansa yana nan daram. Tsuneo ya durƙusa a kan waɗannan gwiwoyin, na ji ƙararsu daga inda nake, ya tura kwalin gaba.

"Tsune. Har yanzu kana yawo da wannan ɗan iskan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne motarsa."

Tsuneo ya tambayi lafiyar jiki, da ta ɗa, da ta jikoki, ya kama hanyar tambayar lafiyar kare. Sai na zare takardun daga jakarsa na shimfiɗa su a kan bargon. Tsohon ya kalle su ba tare da ya taɓa ba. Ya rage ƙarar talabijin. Bai musa ba ko kaɗan. Ya tambaya ko Kinue ce, ba wanda ya amsa, ya gyaɗa kai.

Ya ce da bai yi haka ba, da masana'anta ta rufe tun shekara goma sha ɗaya kafin lokacinta. Mutum talatin suka ci albashin waɗannan shekarun, wa ya ba su? Da wane kuɗi Michiyo ta gama makaranta? Da wane kuɗi aka gina gidan da Tsuneo ke kwana a ciki? Ya ce shi bai ci ko yen ɗaya ba, duk cikin kaskon mai suka tafi. Na ɗaga kai na kalli rufin gidan da fitilar da ke rataye kamar ta otal, ya ce wannan na ɗansa ne.

Sannan ya sassauta murya. Ya ce jikarsa za ta yi aure a watan biyar, dangin mijin mutanen kirki ne masu bincike. In takarda ta zo daga ofis da sunan Isogai, an gama.

"Ka jira in mutu, Tsune. Ba zan daɗe ba. Bayan nan ka buga duk hatimin da kake so."

Na ce likita ya ba gwiwoyin nan sanyi biyu, an riga an ci ɗaya, shi kuma da ganinsa zai kai ɗari da goma don mugunta. Ko kallona bai yi ba.

Tsuneo yana durƙushe, hannayensa a kan cinya. Tambaya ɗaya ya yi a duk zaman, kuma da ƙyar ta fito.

"Maigida, wutar nan. Me ya sa kullum ni kake sawa a gaba?"

Tsohon ya yi murmushi, irin na uba da ke yabon ɗansa. "Ai kai kowa ya yarda da kai. In ka jefa, ba mai tsayawa tunani."

Da gaske yabo yake nufi, abin da ya fi ci min rai ke nan. Tsuneo ya rusuna, ya ce ya gode da lokacin da aka ba shi. Ya yi ƙoƙarin tashi ya kasa, sai da na kama shi ta hammata. Muka shiga mota muka wuce kasuwar kifi. Can ya ce, "Su takwas ɗin nan. Da waɗanda suka mutu." Na jira ya ƙarasa, bai ƙarasa ba.

Na zaci washegari zai buga. Ina. Ya koma gidan ƙanƙara kamar ba abin da ya faru, ranar haihuwarsa ta zo ta wuce, fanshon ya fara zuwa a gajerensa. In na tsokane shi ya ce watan biyar ba nisa, yarinyar ba ta yi wa kowa laifi ba. Na ce bayan watan biyar za a ce tana da ciki, bayan nan a ce ɗan zai shiga makaranta, kai kuma kana keke ina tura ka ina cin abincinka.

Harue ba ta yi gardama da shi ba. Kullum da safe in ta jera masa shinkafa da miya da ɗan kifi, sai ta ajiye kwanson hatiminsa a gefen kwano, daidai inda tsinken cin abinci yake. Ya ci ya tashi ya bar shi. Ta ɗauke ta goge teburin. Washegari ta sake ajiyewa. Ita ta ba ni labari, kuma ta ce sau ɗaya kawai ta buɗe baki, a rana ta tara, da ta gan shi yana sa wando a zaune don ba ya iya ɗaga ƙafa.

"Baban Michiyo, Maigida ne ya haɗa mu, na sani. Amma ni zan ɗauke ka zuwa banɗaki, ba shi ba."

Ranar ya kira ni da kansa. Bai sa kwat ba, da rigar aikinsa muka je, takalmin roba yana ɗigar ruwa a kan tayil ɗin ofis. Ma'aikaciyar ta tura masa fom da jar tawada. Ya tambaye ta ko gwangwanin zai yi wa sauran amfani, tunda sunayensu duk suna ciki. Ta ce in an amince da nasa, za su rubuta wa duk wanda ya yi aiki a wurin a shekarun, har da matan waɗanda suka rasu. Ya ce to. Ya hura hatimin kamar yadda tsofaffi ke yi, ya danna. Ya daɗe bai ɗaga ba, har na ce masa takarda ce, ba ƙosai ba, ba sai ta soyu ba.

Wata biyar aka yi kafin amsa ta zo. An gyara shekara huɗu. Sauran bakwai babu shaida, sun tafi. An ƙara masa abin da bai kai yen dubu shida ba a wata. Su takwas ɗin an gyara musu shekara biyu-biyu, tsohuwa mai fere kifi ta kawo masa tulun kayan lambu da ta tsima a gishiri don godiya, ya ƙi fitowa ya karɓa, Harue ce ta karɓa. Bikin jikar an yi shi ko ba a yi ba, ba mu ji ba. Ɗan Isogai in ya hango mu a titi sai ya tsallaka ɗaya gefen, ni kuma in ɗaga masa hannu da ƙarfi har sai ya shige lungu.

Harue ta sake auna komai, ta rage kananzir, ta ce za su rufe ɗaki ɗaya lokacin sanyi. Da haka Tsuneo ya sauko daga kwana shida a mako zuwa biyu. Likita ya ce biyun ma sun yi yawa.

Talata da Juma'a ni nake kai shi. In na tsaya a ƙofar gidan ƙanƙara, yakan buɗe murfin mota ya sa hannu biyu ya ɗaga ƙafar hagu ya ajiye ta a ƙasa, ya huta, sannan ya ɗauko ta dama. Da nakan ƙirga masa da ƙarfi kamar alƙalin kokawa. Yanzu rediyo nake ƙarawa in kalli jiragen har ya shiga.